Fata Arba'in

Ta zo ranar Alhamis, kasuwar Dole na ci,
da takalmin da bai dace da majema ba
da wani littafi da gara ta ci gefensa.
Kalla tafinta ya ce sunanta Mazal,
Bayahudiya ce, gidanta Roma,
amma kakan kakanta ɗan Tarabulus ne,
shekara bakwai ya yi a Zango
yana sayen gashin jimina da jar fata.

Ba ta toshe hanci ba.
Wannan na fara riƙe mata.

Ta buɗe littafin. Rubutun daga dama yake tafiya kamar namu,
sai dai baƙaƙen a tsaye suke, ba sa riƙe hannun juna.
Ta ɗora yatsa: Halfalla ya karɓi fata arba'in
daga hannun Barma majemi,
ayari ya tashi, bai biya ba.
Na ce Barma ne ya haifi kakana.
Ta ce ta sani,
shi ya sa ba ta wuce Maraɗi ba.

Ban zo biyan bashi kawai ba, in ji ta,
jari na kawo.

Jari ya iso a bayan kamiyo biyu:
ganga mai juya fata,
injin aske ta har ta koma kamar ganyen albasa,
da masu haƙar rijiya
da suka yi wata guda suna gardama da dutsen Damagaram
kafin ya ba su ruwa, shi ma da ƙyar.

Mu Juma'a muke ajiye wuƙa.
Ita Asabar ba ta ɗaga waya, ba ta taɓa lissafi.
Fata ta samu kwana biyu tana kwance cikin bagaruwa
ba mai damunta,
ta fito da laushin da ban taɓa gani ba.
Ba wanda ya shirya wannan.

Amma babban sa a ƙaramin garke,
ko juyi ya yi sai ya taka wani.
Fatar da ake saye jaka ɗaya ta koma biyu da rabi.
Mahauta suka yi dariya.
Nomau baduku ya zo ya tsaya bakin kwatami,
bai yi sallama ba,
ya ce: yanzu da me zan ɗinka kube?
Mai tabo da ta ƙi, ita ce rabonsa.
Ni na miƙa masa da hannuna.

Yara goma sha tara suna karɓar albashi ƙarshen wata,
har da Zuwaira, da ke auna fata da ma'auni,
ta ce da ni, ni da na girmi ubanta,
Baba, wannan ba ta kai ba.

Da dare nakan yi lissafi da yatsu.
Jakar hannu guda a kantin Roma
kuɗinta ya kai akuya talatin.
Cikin talatin ɗin nawa ke kwana a Birni?
Na tambaye ta. Ta yi shiru, ta ce: kaɗan.
Ta ce: mu sake zama kan takardar.
Mun zauna sau biyu, ba mu gama ba.

Na san kuɗin baƙo yana da ƙafa,
ran da hanya ta rufe ko farashi ya faɗi
zai ɗaure kaya kamar Halfalla.
Rijiya dai ba ta shiga kamiyo.

Fata arba'in ɗin ta biya, a kuɗin bana.
Na sayi buhun bagaruwa shida,
na gyara kabarin Barma da ruwa ya zaizaye,
saura na ba Nomau rance.
Ban rubuta ba.
Ya ce in rubuta.